Kalmar da Abdulghani Ya Gyara

Jidda, 19 ga Nuwamba, 1963

Zuwa ga uwargijiyata Jamilatu, 'yar Kawu Na'ibi, ungozomar Azare.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga bawanki Salihu, tunda kin rantse ɗan mace bawan 'ya'yan namiji ne, ko Hajjin da na yi ba ta 'yanta ni a wurinki ba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Garba. Ki durƙusa ki gaishe mini da Kawu. Ki gaishe da ƙanwarki Mastura, mai ɗakina, da yarinyar nan da aka haifa a bayana, wadda har yau ban san kamanninta ba.

Ni lafiya lau, sai dai hannuna na dama da man suya ya ƙona. Likitan kamfani ya naɗe shi, ya ce zai warke. Shi ya sa za ki ga rubutun nan ba nawa ba ne. Ina faɗa ne, abokina Abdulghani yana rubutawa, muna zaune a shagon gahawa na unguwar Bab Makka. Shi akawu ne a tashar jiragen ruwa. A nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga ƙasar Hausa da ƙafa. Ya iya Larabci, ya iya Turanci, Hausarsa kuwa irin ta tsofaffi ce, ya ce duk inda na yi kwaɓa zai gyara mini.

Ga albishir. Kamfani ya yarda ya zama kafilin iyalina, wato shi zai tsaya musu a wajen hukuma su sami iƙama, takardar zama. Na kama ɗaki a unguwar Bani Malik, da ɗan fili a gabansa inda za a yi girki. Saura ku. Kawu ya shirya kamar yadda muka yi da shi, ya taho da su a jirgin alhazan bana daga Kano, shi ya sauke farali, su kuma su zauna. Ki ce wa Mastura ta ƙullo daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Na gaji da wake da gurasa kowace safiya.

Wani labari kuma. Baturen da nake yi wa kuku, Mista Dansi, manajan kamfanin jiragen, yanzu ba Mista Dansi ba ne. Ubansa ya mutu a Ingila. Ashe uban shi ne Ubangiji a wajensu, to yanzu ɗan ya gaje shi, shi ne Ubangiji. An tara mu duka ma'aikatan gida an ce daga yau kada wanda ya ƙara kiransa da tsohon suna, sai Ubangiji. Da farko bakina ya ƙi, amma yanzu na saba, da safe in na kai masa shayi haka nake gaishe shi. An ce har kujera gare shi a Majalisar Iyayengiji, yana shirin zuwa ya ganta. Ya nuna mini hoton gidan ubansa, da ɗakin ibadarsu a gefe, ya ce wata rana zai kai ni. Wallahi hankalina ya kwanta da shi ƙwarai.

Ki ba ni amsa da wuri, kada ki ce haihuwar matan gari ta hana ki.

Bawanki,
Alhaji Salihu kuku

*

Azare, 8 ga Disamba, 1963

Zuwa ga Salihu.

Wa alaikumus salamu. Muna lafiya. Baba lafiya, Mastura lafiya, 'yarka Sharifa ta yi ɗan tari ya wuce. Allah ya ba hannunka sauƙi. Yau ba zan ce maka bawa ba, don ba wasa ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Salihu, me ka aiko mana haka?

Wasiƙarka ta iso ina asibiti. Ka san yadda ake yi da takardar da ta fito daga ƙasa mai tsarki, kowa yana son ya ji. Malam Garba ya karɓa ya kai zauren Baba bayan La'asar, ga Liman, ga dattawan unguwa, ya buɗe ya fara karantawa da ƙarfi. An yi dariyar wake da gurasa. An sa maka albarka a kan ɗaki. Da ya zo kan labarin Baturenka ya ga abin da ke gabansa, ya so ya tsallake, amma ka san shi, bai iya ɓoye komai a fuskarsa ba. Baba ya ce, "Karanta yadda aka rubuta." Ya karanta.

Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Tashi ya yi ya shiga gida, ya zauna a kan buzunsa yana hawaye. Cewa yake, "Uba ya mutu, ɗa ya gaje shi, ana ce masa Ubangiji. Wannan ai zancen Nasara ne tsantsa. Yaron da na koya wa alif da hannuna, ya je har gindin Ka'aba ya saki addininsa." Na ce masa, Baba, ai a bakin tsofaffi ana cewa ubangijin jaki, ubangijin gona, wataƙila ubangida yake nufi. Ya ce ubangijin jaki ba ya da majalisa, ba ya kuma kai mutum ɗakin ibadarsa.

Ga inda magana ta tsaya, ka ji ta ba kwana-kwana. Baba ya ce ba ya kai 'yarsa hannun wanda ya yi ridda. Ya ce in abin nan gaskiya ne, auren ma babu shi, alƙali zai tabbatar. Ya dakatar da maganar fasfo. Mutanen gari kuwa sun samu abin yi. A wajen haihuwa ma, mace tana naƙuda tana tambayata wai da gaske ka sa gicciye a wuya.

Mastura ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Cewa ta yi ba ta ji daga bakinka ba, kuma wannan ba hannunka ba ne. Ta riga ta ƙulle daddawa da kuka a kwalla ta tura ƙarƙashin gado. Inna ta ce ta fito da su a ci, ta ce na Jidda ne.

Ni ban yarda ba, Salihu. Na san ka tun kana yawo ba wando, na san tsoro kaɗai ya isa ya hana ka. Amma rashin yardata ba hujja ba ce a zaure. Ka rubuto da hannunka, ko da na hagu ne, da ajami, don Baba ya karanta da idonsa ba sai an karanta masa ba. Ka faɗi abin da ake ciki. In kuwa gaskiya ne, ka faɗa mini ni kaɗai tukuna, in san yadda zan tari ƙanwata.

'Yar'uwarka,
Jamilatu

*

Azare, 18 ga Janairu, 1964

Zuwa ga Salihu.

Assalamu alaikum. Mun ɗauki azumi lafiya, Allah ya sa kai ma ka ɗauka. Ka ga irin addu'ar da shirunka ya sa nake yi maka.

Ba amsa. Malam Garba ya je gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza masa kai tun daga nesa. Da farko na ce jirgi ne ya yi jinkiri. Daga baya na ce hannun ne ya rube. Yanzu uzurin ya ƙare mini, Baba kuwa ya ce shirun nan shi ne amsar.

Ya yanke magana. Ba ya son kai ƙara cikin azumi, amma Litinin ɗin farko bayan salla zai je gaban alƙali da wasiƙarka a hannu, da Liman a matsayin shaida. A wancan makon na bayan salla ne kuma wakilin alhazai zai rufe karɓar suna. Ko ba a raba auren ba, in aka wuce nan babu tafiya bana.

Na yi abu guda ba da sanin Baba ba. Na kai Mastura da Sharifa an yi musu lambar alhazai a asibitinmu, na ɓoye katin. In Allah ya sa kai ne Salihun da muka sani, kada allura ta hana su. Sharifa ta yi ihu har ta ciji malamin asibitin. Da aka ce mata don zuwa wurin Na-Jidda ne, haka muke kiranka a gida, sai ta miƙa ɗaya hannun.

Mastura ta rame. Ɗakinta yana warin daddawa har ƙofar gida, ta hana a taɓa kwallar. Ina jin haushinka, ina kuma jin tsoro. Don girman Allah ka yi magana.

Jamilatu

*

Jidda, 7 ga Fabrairu, 1964

Zuwa ga Yaya Jamilatu.

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina azumi, ban sha ko ɗaya ba. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu manzonsa ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A kan wannan aka haife ni, a kansa nake fatan cikawa. Ga hannuna kin gani, ya warke a karkace amma nawa ne. Na buga wa Kawu wayar tangaraho da safe, kalma kaɗan: ni Musulmi ne, a dakata, wasiƙa tana tafe. Allah ya sa ta riga Litinin.

Jiya na ga wasiƙunki, duka biyun tare. Kin san da sunan Mista Dansi ake aiko mini takarda, a akwatinsa. Da ya tafi Ingila sai ofis ya riƙa tura masa duk abin da ya zo da sunansa. Wasiƙunki sun je Ingila, Jamilatu, sun kwanta cikin tulin takardun ta'aziyya. Ni ina nan ina cewa kin yi girman kai. Jiya ya dawo, ya zaro su daga aljihun kwat ya ce, "Salihu, naka ne, ya yi yawo." Na karanta a tsaye a kicin, albasa ta ƙone a wuta ban sani ba.

Na ruga tashar jirgi na sami Abdulghani na ce, me ka rubuta? Ya ce abin da na faɗa. Na ce ni "Lod" na ce maka! Ya ce, "Aiwa, Lod. Mutanen Azare ina za su san Lod? Na gyara maka. Lod shi ne rabbu, rabbu shi ne ubangiji. Haka kakata take cewa, ubangijin gida, ubangijin raƙumi, esh fi, ina laifin?" Na karanta masa abin da Kawu ya faɗa. Wallahi sai da ya zauna a kan buhun shinkafa. Ya ce shi bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba, bai san kalmar ta ƙaura ta bar raƙumi ba. Laifina shi ne ban ce ya maimaita mini ba, na ga mai ilmi na saki jiki. Ya rubuta wa Kawu bayani da Larabci ya sa hannu, ga shi nan tare da tawa da na rubuta wa Kawu da ajami.

To ki ji mene ne Lod, don ki iya faɗa da baki. Sarauta ce ta gado, kamar a ce Galadima ko Ɗan'iya, in an naɗa mutum sunansa na yanka ya ɓace. Tasu ana ce mata Lod Felbek. Felbek wani ƙauye ne mai duwatsu da tumaki. Ɗakin ibadar da na ambata nan ake binne kakanninsa, shi ya sa ya nuna mini.

Mista Dansi ya ga rigata ta jiƙe da hawaye ya tambaye ni. Yana jin Hausa irin ta bariki, don da sojojinmu ya yi yaƙin Habasha. Da na gaya masa ya fara dariya, ya ga ban yi ba, ya bari. Ya ce, "Ni ba Ubangiji. Ni mutum, gwiwa yana ciwo." Sannan ya zauna a kan kujerar kicin, abin da bai taɓa yi ba, ya lissafa mini sunayensa. Da aka haife shi Onarabul ake ce masa, don kawai ɗan Lod ne, bai yi komai ba. Shi ne ƙarami, sarautar ta wansa ce. A soja ya zama Manjo. Wan ya mutu a yaƙin, gadon ya faɗo kansa ba ya so. Bayan yaƙi ya tsaya zaɓe, ya yi shekara goma sha huɗu yana wakiltar mutanen yankinsu a majalisar talakawa, ana ce masa ɗan majalisa, ya ce nan kaɗai ya taɓa jin yana da amfani. Sai suka kayar da shi. Kunya ta koro shi Jidda ya zama Mista Dansi mai jiragen ruwa. Ga kuma Lod, sunansa na biyar ke nan.

Majalisa biyu gare su, ta talakawa da ake shiga da ƙuri'a, da ta masu sarauta da ake shiga da gado, ita ce Abdulghani ya mayar ta Iyayengiji. Wanda ya zama Lod ba shi da ikon shiga ta talakawa, ko ƙuri'a ba ya jefawa. Ya ce ya je ya leƙa ta masu sarautar, ya ga inda ubansa yake zama, ya ga tsofaffi biyu suna gyangyaɗi ana tsakiyar magana. Ya ce bai kai nan ba tukuna. Bara aka yi musu sabuwar doka cewa mai gado yana iya ajiye sarautarsa. Ya je ya sa hannu ya ajiye. Za ta jira ɗansa, shi kuma zai koma bayan aikin Hajji ya sake roƙon masu tumakin nan da suka kore shi. Wato lokacin da kuke kuka a Azare, Lod ɗin ma babu shi. Mista Dansi ya tafi, Mista Dansi ya dawo.

Ya ce zai rubuta wa Kawu da kansa. Na ce don Allah ya rufa mini asiri, takardar Nasara ita ce ƙarshen abin da zauren nan yake bukata.

Jamilatu, ban taɓa jin tsoro irin na jiya ba. Shekara huɗu ina tsaye a gaban wuta don in ga matata da yarinyar nan a ɗaki ɗaya da ni. Ki gaya wa Mastura na ji abin da ta faɗa, ba zan manta ba. Ki roƙi Kawu ya duba rubutun da kyau, shi ya koya mini.

Ƙaninki,
Salihu

*

Azare, 22 ga Fabrairu, 1964

Zuwa ga bawana Salihu, kukun Galadiman tumaki.

Assalamu alaikum. Barka da salla. Kowa lafiya, har wanda ba shi da lafiya ya warke. Kai bawa, ka ci amanar barcina wata biyu, sai ka biya ni da turaren Makka.

Wayarka ta zo ana saura mako guda salla. Baba ya juya ta ya ce waya ba ta da hannu, kowa yana iya bugawa, amma zai ƙara kwana uku. Kwana ukun nan su suka cece ka, don wasiƙar sai Talata ta iso. Malam Garba ya shigo da ita a guje, hula a hannu, mutum mai jikoki.

Baba ya ƙi buɗewa a cikin gida. Ya ce inda aka karanta ta farko nan za a karanta wannan, a gaban waɗanda suka ji waccan. Aka kira Liman da dattawa. Ni da Mastura muka laɓe a bayan zana, ban ji kunyar faɗa ba. Ya warware ta ajamin ya daɗe yana kallo, sannan muka ji ya ce, "Hannunsa ne. Har yau bai daina jan wutsiyar nun har ƙasa ba, na doke shi a kan wannan." Ya karanta shahadarka da ƙarfi, zaure ya ɗauki kabbara. Mastura ta kama hannuna ta matse har yanzu akwai shaidar farcenta.

Liman ya karanta takardar Abdulghani, ya ce Larabcin ba laifi, Hausar ce ta kakanni. Sai Malam Garba ya karanta labarin sunayen Baturenka daga tawa wasiƙar. Ai ka ga dattawa, kowa ya gyara zama. An yi gardama a kan ko mai hankali yana ajiye sarautar ubansa. Wani ya ce asiri aka yi masa. Da aka zo kan zai koma neman ƙuri'a, Baba ya cire tabarau ya ce, "Af! Ashe ɗan siyasa ne? Irin masu zuwa mana da lasifika a kan mota?" Aka ce shi ne. Ya ce, "Kuma sun taɓa kayar da shi?" Aka ce sun kayar. Baba ya yi dariya har da tari, rabon da in ji dariyarsa tun kafin wasiƙarka ta fari. Ya ce wannan ai abin tausayi ne, Allah ya ba shi sa'a.

Daga nan ya miƙe tsaye ya ce wa mutane, a nan ya zargi ɗan ƙanwarsa, a nan yake janyewa, kowa ya kai labari inda ya kai wancan. Ya ce in gaya maka ka yafe masa. Ya kuma ce in gaya maka, daga yau ko hannunka biyu suka ƙone ka rubuta da ƙafa.

Washegari ya hau mota zuwa wajen wakilin alhazai, ana gab da rufewa. Da aka tambayi katin lamba ya dafe kai, sai na zaro na miƙa. Ya kalle ni ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun farkon azumi. Da yamma ya aiko mini da goro.

Mastura ta ci tuwo malmala biyu a daren nan. Ta ce in rubuta maka cewa ba ta da saƙo, sai ta zo. Daddawar tana nan, in jirgin ya ƙi tashi ka san dalili. Ka gaishe da Abdulghani, ka ce ban yafe ba sai ya zo Azare an sake koya masa Hausa.

Uwargijiyarka har abada,
Jamilatu

*

Jidda, 2 ga Mayu, 1964

Zuwa ga uwargijiyata Jamilatu.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mu duka huɗu. Ki lura da wannan "mu" ɗin, na daɗe ina son in rubuta shi. Kawu ya sauke farali lafiya, ya tsaya a Arfa da ƙafarsa, sai ɗan mura irin ta alhazai. Yanzu Alhaji Na'ibi ne, jirginsu yana tashi mako mai zuwa, shi zai kawo miki wannan da turarenki.

Ranar da suka sauka na hango su tun daga matakalar jirgi. Kawu a gaba, Mastura a baya da kwallar nan a ka. Ma'aikacin kwastan ya buɗe ta, ya ja da baya ya toshe hanci yana cewa, "Yalla, yalla, halas!" Ko jakar Kawu bai duba ba. Na durƙusa zan gaishe da Kawu ya ɗago ni ya rungume, a gaban jama'a. Mastura ta ce mini sannu, na ce mata sannu. Sauran ba naki ba ne.

Kawu ya ce lalle sai ya ga Baturen da idonsa. Na kai shi shekaranjiya, ana ɗaure masa kaya don jibi zai tafi. Mista Dansi ya fito yana ɗingishi da sanda, gwiwar ta tashi. Kawu ya tsaya yana kallonsa daga sama har ƙasa, sannan ya ce, "Sannu, bawan Allah. Ƙafar ce?" Ya sa hannu a aljihu ya ba shi ɗan gwangwanin man zafin da yake shafa wa tasa gwiwar. Mista Dansi ya tambaye ni abin da aka kira shi, don ya ji kalmomin amma bai tabbata ba. Na fassara masa. Ya ce wannan sunansa na shida ke nan, kuma shi kaɗai ne ba sai wani ya mutu ko an jefa ƙuri'a ba. Mastura ta aika masa da miyar kuka, ya ce rabonsa da ita tun bariki, ya shanye har da sa yatsa. Na yi kewarsa tun bai tafi ba. Sabon manaja ya ce in ci gaba da aikina.

Abdulghani ya zo gaishe da Kawu da tire na dabino, yana ta sunkuyar da kai. Yanzu kullum yana nan bayan Magariba, Kawu yana gyara masa Hausa, shi yana gyara wa Kawu Larabcin kasuwa.

Saura yarinyar. Ke kaɗai zan gaya wa wannan, in kika karanta a zaure ban yafe ba. Da farko guduna take yi. In na shigo sai ta shige bayan uwarta tana leƙe, in an tambaye ta wane ne wannan ta ce Na-Jidda ne. Na sayo mata alewa a Bab Makka ta karɓa ta ce Na-Jidda ya ba ta. Na yi kamar ban damu ba, 'yar fari ce, ba a nunawa. Amma abin yana cina.

Jiya da safe ina ɗaura takalmi zan fita aiki, Mastura tana hura wuta a waje. Sai na ji an ja mini riga ta baya. Na waiwaya, ga ta riƙe da hulata da hannu biyu. Ta ce, "Baba, ka manta."

Na karɓa na sa. Na makara a wurin aiki, shayin Mista Dansi ya yi sanyi, bai tambaye ni dalili ba.

Bawanki,
Salihu, da hannunsa